Gargaɗi ga 'yan sintiri kan masu tallar na'urar sauraron sirri

Jama'a, musamman shugabannin 'yan sintiri da masu unguwanni a ƙauyukan Jigawa da Kano, a yi hattara da wasu masu bin kasuwannin mako suna tallar wata 'yar na'ura da ba ta fi akwatin ashana ba. Cewa suke a liƙa wa yaro ita a ƙarƙashin riga, ya shiga cikin waɗanda ake zargi da kai wa ɓarayin shanu rahoto, shugaba kuma yana gida yana jin komai daga nisan kilomita 5. Wai batir yana yin mako guda, wai kuma ba mai iya kama maganar sai mai na'urar. Duka ukun ƙarya ne.

Abin da ke ciki 'yar tashar FM ce, mai watsa sauti tsakanin 88 da 108, zangon da kowace rediyo ke kamawa. Mai shayi ko mai faci da ke murɗa rediyonsa yana neman labarai zai iya faɗawa kan hirar, haka ma wanda ake bibiya. Wannan kaɗai ya isa ya jawo wa yaron da aka tura asarar rai.

Batun nisa kuwa, a nan ake cin kuɗin mutane. Gwajin a fili suke yinsa, bayan kasuwa, da sabon batir, eriya a miƙe a hannu. Eriyar da ta dace da wannan zango tsawonta kusan santimita 75 ne. Da zarar an naɗe ta an manna a jiki, jikin mutum ya shanye yawancin ƙarfin, katangar ƙasa da rufin kwano su ƙarasa sauran, sai ka ga ko tsallake gida biyu ba ta yi. Masu arahar kuma ba sa tsayawa a tasha ɗaya, ɗumin jiki ko taɓawar hannu kan gusar da su, mai sauraro ya koma jin shuuu. Batirin, ko mai bolt 9 ko ɗan mitsitsin nan irin na agogo, awoyi yake yi.

Akwai nau'i na biyu da ake sa wa layin waya, wanda in an kira shi yake ɗauka da kansa ba tare da ƙara ba. Inda babu sabis ba ya aiki, kuma kusa da rediyo ko lasifika yakan jawo ƙarar nan ta dit-dit-dit da ke tona shi. Mafi muni, mai sayarwa kan ba da shi da layi a ciki. Lambar tana hannunsa, don haka duk sanda ya ga dama zai kira ya saurari taronku na tsaro.

Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin mutum da na gidansa da hirarsa ta waya, kuma irin wannan aiki na jami'an tsaro ne masu horo da izini. In akwai wanda kuke zargi, ku kai maganar ga dagaci ko hakimi da ofishin 'yan sanda mafi kusa. In mai tallar ya zo muku, ku ce ya kunna, ku ɗauko rediyon gida ku murɗa a gabansa daga farkon zango zuwa ƙarshe. Kada a ba shi ko kuɗin kafin alƙalami, kuma a rubuta lambar babur ɗinsa a kai wa hukuma.