Omron M3 Comfort: na'urar awon jini ga magidancin da ba ya son zuwa asibiti

Hawan jini kan shafe shekaru a jiki bai nuna alama ba, shi ya sa magidanta da yawa ba sa sanin suna da shi sai ranar da aka kwantar da su. Uban da ko ciwon kai ya dame shi zai ce gajiya ce, ya dace a ajiye masa Omron M3 Comfort a gida.

Abin da ya fi burgewa a jikinta shi ne maɗaurin damtse. Yana kama damtse mai kaurin santimita 22 zuwa 42, kuma a lanƙwashe yake zuwa, mutum zai iya zura hannu ya ɗaura da kansa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin maɗaurin da ya yi wa damtse kaɗan yana ƙara lamba, a tayar wa mai lafiya hankali a banza. A zagaya tsakiyar damtse da tef ɗin tela kafin a saya.

Tana ajiye awo 60 ga kowane ɗaya cikin mutum biyu, wato miji da mata sun samu. Sai dai a nan ake yawan kuskure: a manta a sauya maɓallin mai awo, lambobin uwargida su gauraya da na maigida.

Na'urar ba ta gyara sakacin mai amfani da ita. A yi fitsari tukuna. Kada a sha sigari ko kofi, ko a motsa jiki, minti 30 kafin awo. A zauna minti 5, baya a jingine, tafin ƙafa a ƙasa, hannu a kan tebur daidai da zuciya, gefen maɗaurin santimita 1 zuwa 2 sama da gwiwar hannu. Ban da magana, ban da latsa waya. Awo biyu, minti ɗaya tsakani, safe da yamma har kwana 7. A watsar da na ranar farko, a fitar da matsakaicin sauran. A gida iyakar da hawan jini ke farawa ita ce 135/85, ba 140/90 na asibiti ba. Idan ta nuna 180/120 tare da ciwon ƙirji, nauyin baki ko mutuwar ɓarin jiki, a tafi asibiti nan take.

Tana da nata rauni. Ba ta haɗuwa da waya, sai an rubuta wa likita lambobin a takarda. Alamar bugun zuciya marar tsari da take nunawa gargaɗi ne kawai, likita ne zai tantance. Batir huɗu ƙirar AA take ci, kuma in za a daɗe ba a taɓa ta ba gara a cire su, kada su zubo su cinye ƙarafan ciki. Wanda kuma ke da yawan fargaba zai iya maida ita abin dubawa sau goma a yini, jinin ya ƙara hawa. Irinsa, matarsa ta riƙe na'urar, ta fito da ita lokacin awo kaɗai.