Wasiƙa daga Manchester: ƙwallon da ake bugawa kusa da ni, ku ne ke kallonsa

Assalamu alaikum, Yaya. Ina fatan kana lafiya tare da iyali baki ɗaya. Ka tambaye ni yadda harkar kallo take a Ingila, tunda a zatonka wanda yake zaune a garin da ke da manyan ƙungiyoyi biyu na gasar Firimiya ya gama more ƙwallo. Amsar za ta ba ka mamaki, domin kai da kake zama a kan benci a gidan kallon unguwarmu ka fi ni ganin wasannin wannan gasa.

Ta fuskar kayan aiki ba ni da abin kuka. Wuta ba ta ɗaukewa, intanet kuwa kuɗin wata ake biya, ba a ƙirga maka data, kuma hoto ba ya tsayawa yana juyi a tsakiyar wasa. Matsalar tana wajen izinin kallo. Akwai ƙa'ida a nan tun shekarun 1960 wadda ta hana nuna wasan ƙwallo kai tsaye a talabijin ranar Asabar daga ƙarfe 2:45 zuwa 5:15 na yamma, kuma dalilinta shi ne kada mutane su zauna a gida su bar filayen ƙananan ƙungiyoyi wayam, alhali da kuɗin tikiti waɗannan ƙungiyoyi suke rayuwa. Saboda haka duk wasan da aka take da ƙarfe 3 na ranar Asabar, sai dai mutum ya je fili, ko ya saurari rediyo, ko ya jira a nuna masa taƙaitaccensa da dare. Ko mashaya, inda Turawa suke taruwa kallo, wadda ni ba wurin zuwana ba ce, ba ta da izinin nuna shi. A daidai wannan lokaci SuperSport tana watsa wasan a Afirka, ku kuwa kuna can kuna ihu, janareta yana ruri a bayan rumfa. Wasanni 380 ake bugawa a kaka, a wajenku ana nuna su duka, a nan kuwa sai wani kaso, shi ma an raba shi tsakanin Sky da TNT Sports, kowanne da kuɗinsa na wata.

Da na ga haka sai na ce bari in koma ta gida. Na buɗe wata manhaja da nake biya tun ina Najeriya, sai rubutu ya fito a kan allo baƙi ƙirin cewa ba a samun wannan bidiyo a yankin da nake. Kuɗina yana ciki, sunana ne, wayar ma ita ce wadda na taho da ita, abin da ya sauya kawai shi ne ƙasar da ƙafata take takawa. Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar, har na kasa cin abincin dare da daɗi.

Daga baya na fahimci tushen abin. Masu gasa da masu fina-finai ba sa sayar da haƙƙin nunawa ga duniya a dunƙule, yanki-yanki suke sayarwa, kamar dillalin da ya yanka gona ya sayar wa kowa fulotinsa. Kamfanin da ya sayi na Afirka ya sa hannu a kan cewa ba zai bari hotonsa ya tsallaka zuwa Turai ba, domin can wani ya riga ya biya kuɗi mai tsoka. Yadda suke gane inda kake kuwa shi ne ta lambar da ake ce wa adireshin IP, wadda kamfanin intanet yake ba na'urarka, wani lokaci kuma har su duba ƙasar da katin bankinka ya fito. Shi ya sa Netflix, da ta fara aiki a Najeriya a watan Janairun 2016, jerin fina-finanta a Kano daban yake da na nan, duk da suna ɗaya ne.

Katangar tana tare mutum ta kowane ɓangare. Duk gidan da ke kallon talabijin kai tsaye a nan dole ya biya kuɗin lasisi, wanda a Afrilun 2025 ya kai fam 174.50 a shekara, amma ko ka biya, manhajar kallo ta BBC, wato iPlayer, a cikin Birtaniya kaɗai take aiki. Tarayyar Turai ta yi doka a 2017, ta fara aiki a 2018, da ta ba wanda ya biya kuɗin kallo damar tafiya da shi idan ya ziyarci wata ƙasa ta cikin tarayyar, sai dai mazauna Birtaniya sun rasa wannan dama bayan ƙasar ta fice.

Abokai sun ba ni shawarar VPN, wato manhajar da ke sa a ɗauka kana wata ƙasa. Na gwada, ta yi aiki kwana biyu, aka gano aka toshe, ga shi kuma ta saɓa wa sharuɗɗan da mutum ya amince da su lokacin rajista. A ganina tsarin bai yi wa matafiyi adalci ba, tunda ba kyauta yake nema ba. Inda nake samun sauƙi shi ne fina-finanmu na Hausa masu dogon zango, waɗanda yawancinsu a YouTube ake sa su a buɗe, ina kallonsu rana ɗaya da ku.

Roƙona ɗaya ne, Yaya: ranar Asabar, idan an zura ƙwallo, ka daina turo mini saƙon murya nan take a WhatsApp, ka bari sai bayan sallar Isha na ga taƙaitaccen wasan. Ka gaida Hajiya da yara.