Faifan waje biyu a kan kwamfutar tebur mai 256GB: abin da suka iya da abin da ya gagare su

Kwamfutar tebur da aka sayar da ita a matsayin mai 256GB, idan ka buɗe This PC 238GB za ka gani, domin masu ƙera faifai suna lissafi da dubu-dubu, Windows kuma tana lissafi da 1,024. Daga cikin wannan 238 ɗin, Windows da sabuntawarta da ɓoyayyun fayilolinta suna haura 40GB cikin sauƙi. Ka ɗora manhajoji uku ko huɗu masu nauyi, ka sauke bidiyo kaɗan, sai layin da ke nuna cikar C, wato faifan cikin kwamfutar, ya koma ja. Jan nan yana fitowa ne da zarar wurin da ya rage ya gaza kashi 10 cikin ɗari.

Tsarin da na yi amfani da shi don wannan sharhi faifai biyu ne: SSD (faifai mai sauri wanda babu abin da ke juyawa a cikinsa) na waje mai 1TB da ke aiki da USB 3.2 Gen 2, da faifai mai juyi na inci 3.5 mai 4TB wanda ke da adaftar wutarsa daban. Hukuncina a taƙaice: haɗin yana aiki sosai, amma sai an raba musu aiki. Abin da ake taɓawa kullum ya zauna a SSD, abin da aka gama da shi ya koma mai juyi, kayan cikin Windows kuma a bar su a C. Wanda ya cakuɗa wannan rabo zai riƙa zargin faifan alhali tsarinsa ne ya karkace.

Kafin a kwashe komai, a fara ganin me ya cinye wurin. Manhajojin WizTree ko WinDirStat za su zana maka duk faifan, babban fayil ya fito da girmansa. Sau da yawa ɓarayin wurin ba hotuna ba ne. Akwai Windows.old, foldar tsohuwar Windows da ke saura bayan babban sabuntawa, wanda Windows kan goge da kanta bayan kwana 10, amma Disk Cleanup zai cire shi nan take idan ka danna Clean up system files. Akwai hiberfil.sys, fayil ɗin da Windows ke ajiye abin da ke cikin RAM idan kwamfuta ta shiga dogon barci, wanda kan kai kusan kashi 40 cikin ɗari na girman RAM, wato wajen 6GB a kwamfuta mai RAM 16GB. Kwamfutar tebur ba ta cika buƙatarsa ba. Ka buɗe Command Prompt da ikon admin ka rubuta powercfg /h off, fayil ɗin ya ɓace, sai dai Fast Startup, saitin da ke sa Windows ta tashi da sauri, shi ma zai tafi tare da shi.

Batun gudu shi ne inda mutane suka fi shan mamaki. SSD ɗin, idan aka sa shi a ramin da ya dace, yana zagaya 900MB zuwa 1,000MB a daƙiƙa wajen karanta manyan fayiloli. Ka mayar da shi ramin USB 3.0 mai shuɗin harshe, ya sauko wajen 400. Ka sa shi a baƙin ramin USB 2.0, da ƙyar ya wuce 40. Faifai ɗaya ne, rami kawai aka sauya. Sunayen ma akwai ruɗani: USB 3.0 da 3.1 Gen 1 da 3.2 Gen 1 duk abu ɗaya ne, 5Gbps. Gen 2 ne ke ba da 10Gbps. Kebul ma na da nasa laifin, domin yawancin kebul ɗin USB-C da ke zuwa da cajar waya a gudun USB 2.0 suke ɗaukar fayil, ko da bakinsu ya shiga daidai. Ka riƙe ɗan gajeren kebul ɗin da ya zo cikin kwalin faifan, kada ka raina shi don gajartarsa.

Ramukan bayan kwamfuta sun fi na gaba aminci. Na baya a jikin madabod suke kai tsaye, wato babban allon lantarki da ke cikin kwamfutar, na gaba kuwa wata siririyar waya ce ta biyo cikin akwatin ta kawo su, kuma a nan ne aka fi samun faifai ya yanke ya dawo ana tsakiyar kwafi. Wani abu kuma da ba kowa ke danganta shi da faifai ba: USB 3.0 yana fitar da hayaniyar lantarki a kusa da zangon 2.4GHz, don haka idan ɗan ƙaramin risiban linzami mara waya yana maƙwabtaka da kebul ɗin faifan, linzamin zai riƙa tsalle-tsalle. A raba su, risiba a gaba, faifai a baya.

Mai juyin kuwa yana ba da 150MB zuwa 200MB a daƙiƙa idan fim ɗaya ne babba. Ka ba shi folda mai ƙananan fayiloli dubu ashirin, sai ya koma tafiyar hawainiya, domin kan allurar yana ta kai-komo a kan farantin yana neman kowane ɗaya. Shi ya sa bai dace da wasannin kwamfuta na zamani ko aikin tace bidiyo ba. Na zaɓi na inci 3.5 mai adafta ne da gangan. Ƙananan na inci 2.5 daga ramin USB suke shan wuta, ramin 3.0 yana ba da 900mA, na 2.0 kuma 500mA kacal, kuma idan wutar ta gaza za ka ji faifan yana ƙas-ƙas ba tare da ya bayyana ba. Ƙari a kan haka, da yawa daga cikin ƙananan masu 2TB zuwa sama suna amfani da fasahar SMR, wadda ke jera layukan rubutu suna hawa kan juna. Karatu lafiya lau, amma in ka zuba musu ɗaruruwan gigabait a zama ɗaya gudun yana faɗuwa warwas bayan ɗan lokaci. SSD ma yana da irin wannan halin: yana da wani ɓangare mai sauri da yake fara cikawa, in ya cika gudun rubutu ya ragu, kuma yana yin zafi.

A wajen fomat, wato tsarin da faifai ke jera fayiloli da shi, idan faifan zai zauna a jikin kwamfutar Windows ɗaya, NTFS ne zaɓi. Yana ajiye bayanin abin da yake shirin rubutawa, saboda haka ya fi jure yankewar wuta. exFAT yana da amfani ne idan faifan zai riƙa yawo tsakanin Windows da Mac, amma ba shi da wannan kariyar. FAT32 a manta da shi, ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai 4GB.

Mataki na gaba shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma shi ne ke ɓata komai daga baya. Windows tana ba faifan waje harafin farko da ta samu a sake, yau E, gobe in ka riga ka sa filasha ya zama F. Duk manhajar da ta san kayanta a E sai ta ce ba ta gan su ba. Ka danna maɓallin dama na linzami a kan Start, ka shiga Disk Management, ka danna dama a kan faifan, ka zaɓi Change Drive Letter and Paths, ka ba shi harafi daga can ƙarshe, kamar S ga SSD da X ga mai juyi. Ka yi haka kafin ka matsar da fayil ko ɗaya.

Videos, Pictures, Music da Downloads suna komawa waje ba tare da wata matsala ba: danna dama a kan foldar, Properties, Location, Move. Tarkon yana nan: kada ka nuna masa S kai tsaye. Ka fara ƙirƙirar folda, misali S:\Downloads, sannan ka nuna masa ita. In ka zaɓi tushen faifan, Windows za ta ɗauki faifan gaba ɗaya a matsayin Downloads, kuma warware wannan yana da cin rai. Wasannin manhajar Steam suna da tasu hanyar a Settings, Storage, inda za ka ƙara faifan ka matsar da su ɗaya bayan ɗaya, kuma a SSD ɗin waje ban ga bambancin da ya dame ni ba wajen lodi. Documents ina shakkar fitar da ita, domin manhajoji da yawa suna ajiye saitinsu a ciki ba tare da sun tambaye ka ba. Desktop da AppData da pagefile.sys kuwa kada a taɓa su. Windows tana neman su tun tana tashi, wani lokaci kafin faifan USB ya gama farkawa, kuma ranar da kebul ya ɗan goce za ka tarar da saƙonnin kuskure a jere.

Abin da ya fi ba ni haushi a zaman yau da kullum shi ne barcin mai juyi. In ya jima ba a taɓa shi ba sai ya tsaya, kuma da ka buɗe File Explorer ko akwatin Save As, komai ya daskare na 'yan daƙiƙu yana jiran farantin ya ɗauki gudu. Kashe USB selective suspend a cikin Power Options yana rage yankewa, amma wasu akwatunan faifai suna da nasu agogon barci a ciki wanda bai san da saitin Windows ba. Game da cirewa, tun daga Windows 10 sigar 1809 faifan waje yana zuwa a kan Quick removal. Wanda zai zauna dindindin za a iya mayar da shi Better performance ta Device Manager, ƙarƙashin Policies, da sharaɗin ba za a zare shi ba sai an danna Eject.

Fayil ɗin da ka matsar zuwa faifan waje ka goge daga C kwafi ɗaya ne har yanzu, kuma yanzu yana rataye ne a kan kebul da adafta. Amfanin faifai na biyu ke nan: abin da ke kan S ya riƙa samun kwafi a X. Umarnin robocopy S:\Aiki X:\Kwafi\Aiki /E yana yin wannan, kuma a zagaye na gaba sabbi da waɗanda suka sauya kawai zai ɗauka. A yi hattara da sa /MIR a madadin /E, domin yana goge duk abin da ke cikin kwafin X wanda babu shi a S, har da wanda ka goge bisa kuskure. Abin da ke zaune a X kaɗai, in yana da muhimmanci, yana buƙatar wuri na uku. Lokaci-lokaci a duba lafiyar mai juyin da CrystalDiskInfo. Idan Reallocated Sectors ko Current Pending Sector, wato ƙidayar wuraren da suka lalace ko ake zargin sun lalace a faifan, suka tashi daga sifili suna ƙaruwa, a fara kwashe kaya.

Wanda kwamfutarsa ƙaramar akwati ce ko irin wadda komai ke cikin allo, wannan tsarin ya dace da shi. Mai babbar akwati kuwa ya kwance murfin gefe ya leƙa tukuna. Yawancin madabod suna da ramukan SATA, inda ake jona faifan ciki, da ba a amfani da su, wasu har da gurbin M.2 na biyu, inda ake sa ƙaramin SSD. SSD na SATA a ciki yana ba da kusan 550MB a daƙiƙa, ba ya sauya harafi, kuma babu kebul ɗin da ƙafa za ta ja. A irin wannan yanayin faifan waje ɗaya mai juyi ya isa, a bar masa aikin kwafin ajiya kawai.