Na sayi tsofaffin littattafai ta Facebook, Shaihu Umar ya zo min da giɓi

Duk mai son tsofaffin littattafan Hausa a garin nan namu na Bauchi ya san wahalar da ake sha, ka zaga shagunan Wunti kafarka ta gaji, na makaranta da na addini ne kawai jibge, in ka ce Ruwan Bagaja sai yaron shago ya tsaya yana kallonka. Shi ya sa da na ga tallan wani mutum a Facebook da yake turo littattafai daga Kano ban yi wata-wata ba, na tura kuɗi har da na mota. Gaskiya wajen turowa ba ni da abin cewa, direba ya kira ni na je tashar Muda Lawal na karɓa, an naɗe su a leda an sa salatif sosai ko ruwa ba zai taɓa su ba.

Huɗu na ce a sa min. Ruwan Bagaja, Jiki Magayi, Alhaki Kuykuyo Ne, sai Shaihu Umar. Ukun farko lafiya lau. Ruwan Bagaja kam in ba ku taɓa karantawa ba ku nema, tun 1934 ya fito bayan gasar da Rupert East ya shirya a 1933, amma har yau rikicin Alhaji Imam da Malam Zurƙe sai ya sa ka dariya kai kaɗai, yarana ma da ba sa rabuwa da waya sun zauna na karanta musu bayan isha'i. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat kuma mata ku karanta shi, yadda Rabi ta riƙe 'ya'yanta da sana'ar abinci bayan miji ya kore ta, wallahi kamar a layinmu aka yi. Jiki Magayi bai kama ni sosai ba, ramuwar gayyar ta yi min yawa, amma ba laifi.

To Shaihu Umar fa shi ne dalilin sayayyar gaba ɗaya. Namu ne ai, Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta shi yana malamin makaranta tun kafin a san zai zama Firayim Minista, kabarinsa ga shi nan cikin gari muna wucewa kullum, kuma labarin ma a Rauta aka buɗe shi, nan ƙasar Bauchi, inda malamin, wato Shaihu Umar, yake zaune da almajiransa suna tambayarsa asalinsa. Na ajiye shi ƙarshe don in ji daɗinsa a natse. Na fara, Hausa mai sanyi babu hayaniya, ga makircin fadawa da ya sa aka kori Makau mijin uwar Umar, ga sace Umar yana yaro, ga Balarabe Abdulkarim ya ɗauke shi za a keta sahara, ni kuma hankalina duk yana kan uwar da ta bar gida ta fita neman ɗanta. Ina juya shafi sai na ga na dawo wajen korar Makau. Na ce ko barci ne, na duba lamba, ashe shafukan baya aka sake maimaitawa aka manne a tsakiya, na gaban kuwa babu su sam. Daidai inda labarin ya fi zafi! Can gaba sai kawai na tsinci uwa ta riga ta zama baiwa, yadda aka yi ta faɗa hannunsu oho.

Da na ƙara dubawa ma ba asalin bugu ba ne, hoton littafin aka ɗauka aka haɗa da gam. Rubutun ya yi dishi-dishi, lanƙwasar ƙ da ɗ duk ta goge, gefen wasu shafukan an yanke harafin ƙarshe sai ka yi ta cankar kalma, bangon kuwa tun a daren ya fara ɓarewa. Sai na koma na ɗauko sauran ukun da na gama yabo, Jiki Magayi ma ashe irinsa ne, sa'a kawai aka yi shafukansa sun cika. Kuma a tallan ƙiri-ƙiri ya rubuta orijina.

Na kira shi cikin mutunci na ce Malam ga abin da na gani. Ya ce Hajiya ki yi haƙuri haka aka kawo mana su, ki turo hoto. Na tura hoto har da bidiyo ina buɗa shafukan ɗaya bayan ɗaya. Ya ce in sha Allahu za a canza, amma ni zan biya kuɗin motar mayarwa da na sake turowa. Haba Malam, kuɗin motar nan biyu ai sun kusa sayen wani littafin, laifin wa? Daga nan sai ya koma karanta saƙo ba amsa.

Da farko niyyata in ce muku ku saya a wajensa don saurinsa, yanzu kam a'a, sai dai in kuna da wani a Kano da zai je ya buɗa littafin da hannunsa ya bi lambobin shafi kafin ya biya. Littattafan kansu ina nan a kan bakana, ku karanta su, musamman Shaihu Umar, ko da giɓin nan ya fi yawancin na waya da muke biya a sa mu a guruf marubuciya ta yi rabi ta ɓace. Wanda yake da tsohon bugu a nan Bauchi don Allah ya ara min in cike wajen da ya ɓata, zan mayar lafiya. Shi kuwa mutumin jiya ma na ga ya sa sabon talla, da Shaihu Umar ɗin a sama, har yanzu an rubuta orijina.