Gargaɗi ga mafarauta: masu cewa za su mayar da bindigarka ta harbin ɓauna

Akwai wata damfara da ke yawo a zaurukan mafarauta na Facebook da WhatsApp. Waɗanda take kamawa su ne masu bindigar farauta mai lasisi da ke son shiga harkar manyan namun daji, kamar masu rakiyar mafarauta a dazuzzukan farauta na arewacin Kamaru, wajajen Benuwe da Faro, da masu tafiya Afirka ta Kudu ko Namibiya ko Zimbabuwe. Mutum yana da bindiga mai cin harsashin .30-06 ko .308 ko tsohuwar .303, yana son ta koma .375 H&H ko .458, saboda ba a yarda a tunkari ɓauna ko giwa da ƙaramin harsashi. A Tanzaniya .375 ne mafi ƙanƙanta da doka ta amince da shi, Zimbabuwe kuma tana neman harsashin da ƙarfinsa ya kai jul 5,300 (jul ma'aunin ƙarfin bugun harsashi ne). Sabuwar bindiga irin wannan akwai tsada. Sai wani ya ɓullo da hotunan shago tsaf-tsaf, ya ce shi gwani ne, cikin mako biyu zai gama, kuɗin ma bai taka kara ya karya ba.

'Yan damfarar iri biyu ne. Na farko ba shi da shago, ba shi da ko guduma, hotunan ma daga shafin wasu maƙera na Amurka ko Jamus ya kwaso su. Zai nemi kafin alƙalami na sayo bututu daga waje, bayan kwana kaɗan ya ce kaya sun maƙale a kwastan a ƙaro, kuma kullum ta hanyar da kuɗi ba ya dawowa: asusun waya mai sunan wani, ko kirifto. Idan a nan ya tsaya, kuɗi kawai ka rasa. Masifar ita ce ya ce ka ba direban mota bindigar ya kai masa. Lambar da ke jikinta da sunanka aka rubuta ta. Ranar da aka kama ta a hannun ɗan fashi, ƙofar gidanka za a ƙwanƙwasa, kuma hirar WhatsApp ba takardar miƙa makami ba ce.

Na biyu ya fi haɗari, domin shi yana da injin sassaƙa ƙarfe kuma zai yi aikin. Zai dawo maka da bindiga mai sabon fenti, an buga mata .375 a jiki, har ta tashi idan ka ja kunama. A nan ne ya kamata ka san awo.

Tsawon harsashin .30-06 bai wuce milimita 85 ba, na .308 kuwa 71. Na .375 H&H, wanda kamfanin Holland & Holland na Landan ya fitar a 1912, ya haura 91, na .416 Rigby ya kai 95. Faɗin gindin kwanso ma ya bambanta: milimita 12 a .30-06 da .308, 13.5 a .375 da .458, kusan 15 a .416 Rigby. Ke nan sauya bututu kaɗai bai isa ba. Fuskar sakata (ƙarfen da ke tura harsashi cikin bututu ya kulle bayansa), ƙugiyar da ke zaro kwanso, gidan harsashi da leɓunan da ke tura harsashi sama, duk sai an taɓa su. Bindigar .308 mai gajeren jiki ba ta ɗaukar .375 H&H ko ta halin ƙaƙa. Wanda ya ce maka za ta ɗauka, kashe wayarka.

Wurin da 'yan koyo suka fi yin ɓarna shi ne tsawaita ramin gidan harsashi. A bindiga ƙirar Mauser 98, ƙarfen da ke gaban wannan rami shi ne yake tokare haƙorin sakata na ƙasa lokacin da albarushi ya kama. Mai gaggawa daga nan yake cire abin da ya rage masa, don can ya fi sauƙin ci. Harsashi ya shiga, an samu fili, amma an rarake abin da ke tsakanin fuskarka da matsin da ya kai bar 4,300 (bar ma'aunin matsi ne). Ba a harbin farko take nunawa ba. Mazaunin haƙorin yana lotsawa a hankali, sakata ta fara nauyin buɗewa, tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da mazaunin harsashi ta ƙaru, wata rana kwanso ya tsage iskar wuta ta yo baya. Tsofaffin Mauser 93 da 95 da 96 ba a ƙera su don wannan matsi ba tun asali. Haka Lee-Enfield .303 da Turawan Ingila suka bari a ƙasashe da yawa: haƙoran sakatarta a baya suke, kuma harsashinta a bar 3,650 yake tsayawa. Bindiga ce mai kyau a aikinta, amma ba ta wannan ba ce.

Wata dabarar ita ce ya faɗaɗa ramin tsohon bututun maimakon ya sa sabo, ya caje ka kuɗin sabo. Faɗaɗa rami sana'a ce ta gaske, akwai masu yin ta da kyau, amma sai bututun yana da kauri. Daga milimita 7.62 zuwa 9.5, ko 11.6 a .458, siririn bututun farauta ba ya rage bangon kirki. Duba jikin bututun da kyau a rana: idan ka ga wuri ya ɗan lotsa inda aka goge tsohon rubutu aka buga sabo, ko ramukan tsohon saiti suna nan an cike su, tsohon bututunka ne ya dawo.

Sai ƙota. Shurin .375 ya kusa ninkin na .30-06, na .458 ya kai wajen ninki uku. Ƙotar da ba a sa mata ƙusoshin gicciye ba, ba a daidaita mazaunin ƙarfen ba, ba a bar 'yar tazara a bayan wutsiyar ƙarfe ba, daidai maƙoshinta take darewa. A .458 da .416 maƙeran kirki sukan ƙara matokari na biyu, wato ƙarfen da ke tare shuri, a ƙarƙashin bututu. Nauyi ma abin lura ne. Bindigar .375 takan kai kilo 4 zuwa 4.5. Idan aka miƙo maka mai kilo uku da ɗoriya, kafaɗarka za ta biya, sannan za ka koyi runtse ido kafin harbi, wanda a gaban ɓauna ba ƙaramin aibi ba ne.

Maƙeri na gaskiya shi ne zai dame ka da tambaya. Wace ƙira ce, wace shekara, lasisinka ya ba da damar sauya girman harsashi? Sau da yawa amsarsa a'a ce, ko ya ce kuɗin aikin zai kai na sayen wata da aka ƙera don haka tun daga masana'anta, irin Winchester Model 70 ko CZ 550 ta hannu. Yana iya ba ka shawarar 9.3x62, harsashin da Otto Bock ya tsara a Balin a 1905, domin gindinsa da tsawonsa kusan ɗaya ne da .30-06, aikin bai wuce sabon bututu da ɗan gyara ba. Amma zai faɗa maka cewa lodinsa na kanti yakan tsaya wajen jul 4,800, don haka ka binciki dokar ƙasar da za ka kafin ka kashe kuɗi. Ɗan damfara duk abin da ka tambaya, ba matsala.

Kada bindigarka ta bar hannunka sai ka je shagon da ƙafarka, ka ga lasisinsa a bango, ka tabbatar da shi a wurin hukumar da ta ba shi. A Afirka ta Kudu dokar makamai ta 2000 ta haramta wa wanda ba shi da lasisin maƙerin bindiga sauya girman harsashi. A Najeriya dokar 1959 ta sa gyaran bindiga a ƙarƙashin izinin Sufeto Janar na 'yan sanda, Kamaru ma tana da tata dokar ta 2016. Maƙerin ya rubuta bindigar a rajistarsa, ya ba ka rasit mai lambarta, da jerin aikin da sunan kamfanin da ya ƙera bututun.

Ranar karɓa, a gabanka zai sa ma'aunan tazara guda biyu da ake kira go da no-go: sakata ta rufe a kan na farko, ta ƙi rufewa a kan na biyu. Ka cika gidan harsashi da harsasan gwaji marasa albarushi, masu faffaɗan kai irin waɗanda za ka yi farauta da su, ka sarrafa sakata da sauri da ƙarfi, sannan a hankali. Ko sau ɗaya ta sarƙe, ba a gama ba. Ka nemi kwansunan harbin gwajinsa ka juya su a hannu: zobe mai haske kusa da gindi, kumburi a gefe guda, ko hular gindi, wadda ke kunna albarushi, da ta turo waje ko ta baje, duk alamun tazara ko matsi ne da ya wuce ƙa'ida. A Ingila da Jamus da Faransa da Beljiyam akwai gidajen gwajin bindiga na hukuma, irin na Birmingham da aka kafa a 1813, inda ake harba harsashin da ya fi na kanti matsi da kashi 25 cikin 100 kafin a buga hatimi. Idan ya ce bututun an gwada shi a can, ya nuna maka hatimin a jikin ƙarfe, ba a hoto ba. Idan ya ce kai ka fara harbawa, ajiye ta a kan teburinsa ka kira ofishin da ya ba ka lasisi.