Wata huɗu ina kiɗa da FluidSynth a kan Raspberry Pi 4

Fiyanona irin wanda ba ya fitar da sauti da kansa ne, saƙon MIDI kawai yake turawa, wato bayanin wane maɓalli aka danna, dole sai an haɗa shi da kwamfuta. Na gaji da saɓar laftof duk inda za ni atisaye, shi ya sa na sayi Raspberry Pi 4, 'yar kwamfutar nan mai girman tafin hannu da ta fito a 2019. Na ɗora mata FluidSynth, manhajar kyauta mai mayar da saƙon MIDI ya zama kiɗa, tare da kundin sautuka na FluidR3 mai kusan megabayit 140. Yau ina jin daɗinta ƙwarai, amma makonni biyun farko sai da na kusa jefa ta cikin akwati, domin sautin fashewa yake yi.

Abin da ya ɓata mini lokaci shi ne na ɗauka ciwo ɗaya ne, alhali uku ne, kowanne da irin kukansa. Sai da na zauna na kasa kunne sannan na rarrabe su.

Na farko yana zuwa ne idan na danna maɓallai biyar ko shida tare, sai sautin ya yage kamar lasifikar da takardarta ta tsage. Maɓalli ɗaya kuwa tas yake fita. Wannan daga saitina ne. FluidSynth tana zuwa da ƙarfin sauti 0.2, na ji ya yi ƙasa, na ɗaga shi zuwa 2. Ashe da gangan aka bar shi ƙasa: manhajar tara sautin maɓallan take yi wuri ɗaya, idan jimillar ta wuce iyakar da lambobi za su ɗauka sai a datse kan sautin, datsewar nan ce kunne ke ji a matsayin yagewa. Na mayar da shi 0.5 da umarnin -g, ƙarar da nake so kuma na nemo ta a amfilifaya. Nan take ya wuce.

Na biyu shi ya fi ba ni wahala: ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana taka busasshen ganye, musamman in na taka fedar riƙe sauti. Manhajar tana shirya sauti ne gutsure-gutsure tana miƙa wa na'urar fitarwa. In gutsure bai iso kan lokaci ba sai a sami ɗan giɓi, giɓin ne ke yin ƙas. Ni kuwa, don gudun jinkiri tsakanin danna maɓalli da jin sauti, na matse ma'ajiyar da gutsuren ke jira a ciki zuwa gutsure biyu masu ɗigon sauti 64 kowanne. Mai kiɗa ya san zafin jinkiri, yatsa ya riga kunne, kiɗa ya watse. To amma matsewar ta yi yawa. Na gwada lambobi da dama, na tsaya a kan -z 128 da -c 3, wato gutsure uku masu ɗigo 128, wanda a bugun ɗigo 44100 kowane sakan jinkirinsa bai kai milisakan 9 ba, hannuna bai ma ji shi ba. Na kuma rage yawan muryoyin da ke fita lokaci guda daga 256 zuwa 64, na kashe amsa-amon da ba na buƙata.

Duk da haka, da rana ƙas-ƙas ɗin kan dawo. Umarnin vcgencmd get_throttled, mai nuna ko Pi ta rage gudu, shi ne ya tona asiri: wuta ba ta isa, ga kuma zafi. Da tsohuwar cajar waya nake kunna ta, alhali Pi 4 bolt 5.1 da amfiya 3 take so, kuma da zarar wuta ta sauka ƙasa da kimanin 4.63 sai ta rage gudu. Haka ma in zafinta ya kai digiri 80, abin da ba wuya a ɗaki mai rufin kwano a watan Afirilu. Caja mai kyau da 'yar fanka suka kashe wannan magana.

Na uku wani siririn shuu ne da ke nan ko ban taɓa fiyano ba. Ramin iyafis ɗin da ke jikin Pi da dabarar PWM, wato kunna wuta da kashe ta da sauri, yake haɗa sauti, ya isa sauraren karatu ko bidiyo, amma amfilifaya tana fito da duk ƙurar da ke ciki. Ƙaramin katin sauti na USB na saka, shiru ya samu. Mai niyyar sayen Pi 5 ma ya sani ba ta da wannan rami gaba ɗaya, dole ya nemi kati ko wata hanyar fitar da sauti.

Ga wanda yake son ya jona ya hau kiɗa nan take, ba zan ba shi shawarar wannan haɗi ba, gara ya tara kuɗi ya sayi fiyano mai sautinsa. Amma mai haƙurin zama da saiti zai samu abin da ya fi kuɗinsa. Tawa Pi ɗin yanzu tana ɗaure a bayan fiyano, ba allo ba linzami, ina kunna wuta ta tashi da kanta, kuma Asabar ɗin da ta wuce na yi awa uku ina kiɗa ban ji ƙas ko sau ɗaya ba.