Daɓe, Kyamara ko Makirfo: Amsa ga Ƙanenmu na Samaru

Ƙanena, ka ce ka kusa kammala karatun wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello, kana tambayar wanne ya fi riƙe mutum tsakanin wasan daɓe, fim da aikin murya. To, bari mu jera su.

Daɓe yana koyar da sana'a, amma da wuya ya ɗora tukunya. Ka fi ni sanin dandalin nan na ginin ƙasa da ke cikin jami'a tun shekarun 1970, inda 'yan kallo ke zaune dab da kai har kana jin tarinsu. A can babu mai ce maka "kat". In magana ta kuɓuce maka, sai abokin wasanka ya tare ta, ko kuwa ka sha kunya a bainar jama'a. A fim sai a sake ɗauka, mai haɗa hoto ya rufa maka asiri. Sai dai fa, mutum nawa ne a Zariya ke cire kuɗi su sayi tikitin wasan daɓe? Abin da ke shigowa yawanci daga ƙungiyoyin faɗakarwa ne, masu kai wasa ƙauyuka kan rigakafi ko karatun 'ya mace, shi ma jefi-jefi.

Fim ne ke ba da suna, amma cibiyarsa Kano, ko ka so ko ka ƙi sai ka saba da hawa mota a Kwangila. Kasuwar faifai ta riga ta mutu, yanzu shiri mai dogon zango ake yayi a YouTube da Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014. Sabon shiga kan wuni a lokeshin da kayan sawarsa cikin jaka, yana jiran fitowa ɗaya ko biyu, sallamar kuma sau da yawa ba ta wuce kuɗin mota. Ɗaga murya da wurga hannun da suka sa aka tafa maka a daɓe, su ne darakta zai fara ce maka ka rage, domin kyamara tana ganin ko ƙiftawar ido.

Murya ce mutane suka raina, ni kuwa ita zan ce ka fara kamawa. Tallan rediyo, wasan rediyo, sanarwar hukumomi, fassarar fina-finan Indiya, duk babu ruwansu da fuskarka ko shekarunka. A zama ɗaya za ka iya yin tsoho, ka yi ɗan tasha, ka koma alhajin birni. Wahalarta a fassara take: bakin jarumin ya rufe, kai kuma saura rabin jimla, dole ka datse Hausar ba tare da ma'ana ta zube ba. Ka kuma kula da Zazzagancinmu. Mu da muke cewa "mota ya zo" ba ma jin komai, amma mai talla zai dawo maka da aikin. Ba sai ka bar gari ba, ɗaki mara hayaniya da makirfo mai kyau sun isa, ka tura ta WhatsApp, in dai janareton maƙwabci ya bar ka. Aibinta biyu: ba wanda zai san sunanka, kuma a biya ka sau ɗaya a yi ta sa muryarka wata da watanni.

Magabata ma ba guda suka riƙe ba. Marigayi Usman Baba Pategi, Samanja, wanda ya rasu a 2023, ya yi rediyo ya yi talabijin. Namu na gida Kasimu Yero, da ya rasu a 2017, ya yi wasa da Hausa ya yi da Turanci.

Kafin ka bar makaranta, naɗi samfurin muryarka na minti ɗaya: talla, karatun sanarwa, da hirar mutum biyu duk kai kaɗai. Duk wanda ya kira ka aiki kuma, ku daidaita kuɗi da tsawon lokacin da zai yi amfani da muryar kafin ka shiga situdiyo.